Ba zan fassara muku bidiyon haɗa bindigar toka ba, ga dalilina

Yau babu darasin filashin, babu na ceto hotunan da suka goge. Wata magana ce ta tsaya min a wuya tun makon jiya, in ban amayar da ita ba ba zan samu sukuni ba.

Cikin wata ɗaya mutum huɗu suka turo min saƙo kusan iri ɗaya: "Oga, tunda ka san kan fasaha, dan Allah ka fassara mana wannan bidiyon da Hausa." In na buɗe sai in ga wani Bature mai gemu a Amurka, yana zaune a ɗakin aikinsa yana haɗa bindigar gargajiya irin wadda ake ɗurawa ta baki. Ya feƙe katako, ya zaunar da bututu, ya goge, ya shafa mai, sai ga shi a daji ya harbo kurege daga kan bishiya. Duka cikin minti takwas, da ɗan kiɗa mai daɗi a ƙasa. Na ce musu ba zan fassara ba. Ɗaya ya ce ina ɓoye ilimi, wani ya ce ai dama masu gyaran waya haka muke, ba ma son wani ya iya. To tunda abin ya kai haka, bari in ba da amsar a fili kowa ya gani, har kai da ba ka turo saƙon ba amma bidiyon yana nan ajiye a wayarka.

Bara da kaka wani yaro ya zo shagona, bai fi shekara goma sha bakwai ba, hannunsa na dama a naɗe da bandeji har gwiwar hannu. Ba sikirin ya fashe ba, ba caji ya ƙi shiga ba. So yake in taimaka masa in goge zanen yatsan da ke buɗe wayar in sa masa na hannun hagu, saboda babban yatsan da ya yi rajista da shi babu shi, manuniyar ma rabi ta rage. Yayansa da ya rako shi ne ya ba ni labari. Bututun ruwa suka samo a wurin masu gwangwan, suka bi abin da suka gani a waya, suka tafi bayan gari harbin kurciya. Harbi na farko ta tashi lafiya, suka yi ta murna. Na uku ne ta tsage a hannunsa. Da nake latsa wayar don in shiga wurin saiti, bidiyon na nan a cikin abubuwan da ya sauke. Wallahi ban karɓi ko sisi a hannunsu ba, kuma ranar abincin rana bai shiga ba.

Yanzu bari in gaya maka abin da minti takwas ɗin nan ba su nuna maka ba.

Wannan Baturen ba shi ya ƙera bututun ba. Ka sake kallo da kyau, za ka ga bututun da shi aka fara bidiyon, a shirye. Saye ya yi daga kamfanin da ba shi da wani aiki sai wannan. Dunƙulen ƙarfe ne na musamman aka huda shi da inji daga wannan kai zuwa wancan, ba shi da ɗinki ko ɗaya, jikinsa da kauri, a cikinsa kuma an yanka wani zane mai murɗiya wanda ke sa harsashi ya fita yana juyawa kamar katantanwa, shi ya sa yake tafiya a miƙe. Irin wannan bindiga maƙeran Jamus da suka yi hijira zuwa Fensilbaniya ne suka fito da ita a ƙarni na 18. Doguwa ce, bututun kaɗai yana kai mita guda ko fiye, kuma wadda ake harbin kurege da zomo da ita ramin bututunta bai wuce milimita 8 ko 9 ba. Aikin da mai bidiyon ya yi da hannunsa yawanci na katako ne da zaunar da ƙarafa, shi ma kuma makonni yake ɗauka, wani ma watanni. Yankan bidiyo ne ya mayar maka da shi minti takwas, kamar yadda ni ma in na ɗora gyaran fanel na minti biyu ba ka ganin awa ukun da na yi ina bin layi da mita.

Kai kuma da me za ka yi naka? Da bututun famfo. Bututun famfo fallen ƙarfe ne aka naɗe aka yi masa walda a tsaye, an yi shi ne don ruwan da ke gangarowa daga tanki. Wannan ɗinkin da ba ka gani saboda fenti ko tsatsa, nan ne zai buɗe. Kuma abin haushin shi ne ba lallai ya buɗe a harbin farko ba. Sai ya bari ka saki jiki, ka kira abokai, ka kafa waya tana ɗauka, tukunna.

Turawan da kake kwaikwayo su kansu ba su yarda da bututu don ya yi kyau a ido ba. A Ingila akwai gidan gwajin bindiga a Landan tun 1637, akwai wani a Birmingham tun 1813, har yau suna aiki. Ana ɗura wa bututu fiye da abin da zai ɗauka a aikinsa na kullum, a tayar da shi a ɗakin da babu kowa a ciki, in ya tsira a buga masa hatimi, kuma haramun ne a doka a sayar da bindigar da ba ta da wannan hatimin. Mutanen da suka fi shekara ɗari uku suna wannan sana'a ba sa tsayawa kusa da bututun da ba a gwada ba. Kai kuma ka ɗora naka a kafaɗa, kumatunka a jikinsa, idonka a bayansa.

Sai maganar albarushi, nan ne ma aka fi yin ganganci. Bindigar da ake ɗurawa ta baki, ta Amurka ce ko ta ƙauyenmu, baƙin albarushi irin na da aka yi ta dominsa, mai hayaƙi. Garin da ke cikin harsashin zamani wani abu ne dabam, matsin da yake haifarwa ya ninka na baƙin nesa ba kusa ba. Duk wanda ya fasa harsashin zamani ya juye garinsa a cikin adaka, to bom ya haɗa ya rungume. Haka masu kankare kan ashana su tara, wanda shi gogayya kaɗai tana iya tayar da shi tun kana cikin dannawa. Ba zan gaya maka abin da ake haɗawa ba, ba zan gaya maka awo ba, kada ma ka tambaye ni a ƙasa. Abin da nake so ka gane shi ne a bidiyo duk gari baƙi ne, kyamara ba ta nuna bambanci, hannunka ne zai nuna.

Ka san yadda nake yi muku faɗa kullum kan batirin da ya kumbura? Nakan ce kada ka huda shi, kada ka danne shi da murfi, kada ka kwana da shi ƙarƙashin filo. Wannan batir ne ɗan ƙarami, amma na ga ya ƙone teburin aiki. Ku da kanku kuke turo min hoton wayar da ta kama da wuta kuna salati. To ta yaya mutumin da ke tsoron batirin Tecno zai cusa wuta a bututun famfo ya kanga a fuska? Ni abin ya fi ƙarfin tunanina.

Mu ɗauka ma ka samu bindiga mai kyau, ta gaske. Ɗura ta kaɗai makaranta ce. Bayan harbi ɗan garwashi yana iya saura a can ƙasan bututun, ka zuba sabon gari kai tsaye daga gora ya kama, gorar ta tashi a hannunka. In harsashi bai zauna daram a kan garin ba, ya bar fili a tsakani, bututun na iya kumbura ko ya fashe. Wani lokacin ka ja kunama ta yi shiru, ka ɗauka ta ƙi, ka juyo da bakinta kana leƙawa, ashe wutar tana tafiya a hankali ne. Sannan akwai ɗuri biyu, mutum ya manta ya riga ya ɗura ya ƙara wani a kai. Kada ka ce wawa ne kaɗai zai yi haka. Bayan yaƙin Getisbag na 1863 a yaƙin basasar Amurka, an tsince bindigogi sama da 27,000 a filin daga. Kusan 24,000 a ɗure suke, kuma aƙalla rabin waɗannan an ɗura musu fiye da sau ɗaya. Sojoji ne fa, waɗanda aka horar. Ruɗewa ce kawai. Shi ya sa masu wannan harka suke yin alama a jikin sandar ɗuri, da sun zura sun san ko akwai wani abu a ciki. A bidiyonka wa ya tsaya ya yi maka wannan bayanin? An yanke shi, don ba ya kawo masu kallo.

Na san abin da wani zai ce: "Malam, ai kakanninmu sun yi, maƙeran ƙauye har gobe suna yi, ba su je Birmingham ba." Gaskiya ne, kuma ni ban raina su ba ko kaɗan. Hasali ma abin da ke ƙona min rai ke nan, mu muna da masu wannan ilimin a gida amma sai mun ga Bature ya yi sannan abin ya zama fasaha a idonmu. Bindiga ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan. Mai Idris Alauma na Borno yana da 'yan bindiga da Turkawa suka horar tun ƙarshen ƙarni na 16. Sunan da ake kiran adaka da shi a Turancin Najeriya, Dane gun, daga 'yan kasuwar Denmak ya samo asali, waɗanda suka riƙe sansani a bakin tekun Akara har zuwa 1850 da suka sayar wa Ingila. Daga baya maƙeranmu suka koyi gyara ta, suka koyi ƙera ta. Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon hawan Sallah a Kano ko Katsina ko Zazzau ya ji rugugin 'yan bindiga, ya ga hayaƙi ya turnuƙe.

Amma ka tambayi kanka, yaya maƙerin ya koya? Yana yaro aka zaunar da shi gindin zugazugi. Shekaru yana hura wuta kafin a ba shi guduma, ya yi lauje, ya yi fartanya, ya yi gatari, ya san launin ƙarfe in ya nuna, ya san ƙararsa in yana da tsaga. Yana da uba ko maigida a kansa da zai make masa ƙeya in ya yi ganganci, akwai Sarkin Maƙera da za a kai ƙara gare shi. Maharbi ma haka, yaro yakan daɗe yana bin manya yana ɗaukar jaka da gora kafin a yarda ya riƙe bindiga, kuma akwai Sarkin Baka da ya san wane ne wane. Duk da wannan horon, je ka zauna cikin tsofaffin maharba ka ƙirga yatsunsu. Za ka samu mai huɗu, za ka samu mai ido ɗaya, za ka samu wanda sai ka ɗaga murya yake ji. Su da suka gada ke nan, harba-ka-ruga ba ta bar su ba. Ina ga kai da malaminka data ce ta naira ɗari biyu?

Ni kaina ba a waya na koyi gyaran waya ba, ko da yake ina ƙaruwa da bidiyo sosai. Shekara biyu na yi ina share shago ina miƙa sukundireba kafin maigidana ya bar ni in kusanci fanel da bulowa. Na ƙona wayoyi, ya biya, ya zage ni, na gyara hannu. Bambancin shi ne ni in na yi kuskure waya ce ta mutu, a sayi wata. Babu kasuwar da ake sayar da babban yatsa, ko a Farm Centre.

Akwai kuma waɗanda za su kawo maganar tsaro, su ce 'yan bindiga sun addabi ƙauyuka, dole mutum ya nemi abin kare kansa. Wannan ciwo ne na gaske, ina da 'yan uwa a inda ake kwana da ido ɗaya, ba zan yi wasa da shi ba. Amma mu faɗa wa juna gaskiya, huɗun nan da suka turo min saƙo babu wanda ya ce min ƙauyensu aka kai wa hari. Kurciya da zomo suke so su harba, su ɗora a TikTok. Kuma ko don tsaron ne, garin da ya tashi kare kansa yana da dagaci, yana da maharba, yana da 'yan sintiri da hukuma ta san da su. Ba yaro ne zai kulle ɗaki da bututun famfo da waya ba. Abin da zai haɗa ɗin shi zai fara kaiwa asibiti kafin ɓarawo ya iso.

Ga doka kuma, wadda bidiyon ba ruwansa da ita tunda ba don kai aka yi shi ba. A Amurka dokar tarayya ba ta lissafa irin wannan bindigar gargajiya cikin bindigogin zamani, jihohi da yawa ma sun ware mata lokacin farautarta na musamman, da lasisi, da adadin abin da aka yarda ka harba. Suna da ƙungiya tun 1933 da ke taro a wani ɗan gari mai suna Friendship a jihar Indiyana. Mutumin yana cikin tsari ne, da rigarsa ta doka. A Najeriya dokar makamai ta 1959 ta ambaci bindigogin da ake ɗurawa ta baki a rukuninsu na kansu, kuma ƙera su ko gyara su sai da izinin 'yan sanda. In aka kama ka da wadda ka haɗa a ɗaki, ba za a rubuta "mai sha'awar fasaha" a takardar tuhuma ba. Za a jera ka gaban kyamara da ita a gabanka, mu kuma mu gan ka a wannan wayar dai.

Kuma kada ka manta da zamanin da muke ciki. A watan Maris na 2025 a Uromi ta jihar Edo, an tare mafarauta 'yan Arewa da ke hanyar komawa gida yin Sallah, aka ga bindigogin toka a motarsu, aka kashe mutum 16. Zalunci ne tsagwaronsa, Allah ya jiƙansu ya bi musu haƙƙinsu. Na kawo shi ne don ka ga yadda ake kallon wannan ƙarfen a yau. Waɗannan sana'arsu ce, an san su da ita a garuruwansu, amma ganin bindigar kaɗai ya isa a yanke musu hukunci a bakin titi. Hoton da ka ɗauka kana riƙe da ita kana murmushi, ba ka san wayar wa zai faɗa ba, ba ka san a wane shingen za a buɗe taka wayar a gan shi ba. Ni da nake buɗe wayoyin mutane kullum na san abin da mutum ya manta yana ciki ya fi abin da ya tuna yawa.

Ita farautar kanta ma ba yadda kake zato take ba. Mai adaka harbi ɗaya gare shi, in ya kuskure kafin ya sake ɗurawa fakara ta kai wani gari. Don haka rabin aikin sanɗa ne da haƙuri da sanin iska da sanin inda zomo ke kwana, bindigar ce ƙarshe. Tsohon maharbi ba ya harbi sai ya ga abin da ke bayan abin da zai harba, don a dajinmu bayan kowane kurmi akwai mai itace ko yaro da awaki. Yana sanin lokacin da zabon daji ke kan ƙwai ya ƙyale ta. Mu kuwa 'yan birni in muka fita sai mu cinna wa daji wuta saboda gafiya ɗaya, a ƙone ciyawar da makiyayi ke jira, wani lokacin har da amfanin gonar da ba a kwashe ba. Sannan dalmar da wasu ke narkawa daga tsohon batirin mota don yin harsashi, a tukunyar gida, a tsakar gida, yara na wasa a gefe. Dalma ce fa ta kashe yara sama da 400 a Zamfara a 2010, ko da yake can daga dutsen zinare ta fito. Ni da nake narka ɗan ƙanƙanin waya na dalma a kan fanel sai na kunna fanka na buɗe ƙofa.

Babban laifin dai ba na yaran nan ba ne. Na masu shafuka ne irin namu, da ke kwaso bidiyon su yanke gargaɗin da mai shi ya yi a farko, su ɗora murya da Hausa, su rubuta "Yadda za ka haɗa bindiga a gida cikin sauƙi", don a taru a danna. Cikin sauƙi! Wanda ya rubuta hakan ko wuƙa bai taɓa wasawa ba. Ya samu mabiyansa dubu, ya wuce, yaron da ya gwada kuma an bar uwarsa da jinya da kuɗin asibiti. YouTube ya hana koyar da ƙera bindiga tun 2018. Idan ka ga irin wannan, ka danna ɗigo ukun nan da ke saman rubutun, ka zaɓi kai rahoto, ka zaɓi ɓangaren makamai. Bai kai minti ɗaya ba. Kada ka tsaya zagi a ƙarƙashinsa, don kowane sharhi ƙara tura shi gaba yake yi, kuma kada ka tura shi guruf da sunan "ku ga abin mamaki", a cikin guruf ɗin akwai ƙanin wani.

In kuma da gaske sha'awar abin ce ta kama ka, ban ce ka kashe ta ba. Je ka gaida Sarkin Bakan garinku, ka ce kana so ka bi su, ka ɗauki gora ka ga yadda ake yi. In ƙarfe ne ke burge ka, maƙera na neman yara masu hura wuta, za ka fara da lauje kamar kowa. Iyaye da yayye kuma, ku riƙa duba abin da yaranku ke saukewa, musamman in kun ga yaro ya fara tara guntayen bututu da kwalayen ashana a ƙarƙashin gado.

Yaron nan ya dawo shagona kwanaki, hannun ya warke. Yana koyon rubutu da hagu saboda jarrabawa, ya ce a banki ma sai da aka sake ɗaukar masa zanen yatsa. Ya tambaye ni ko zan ɗauke shi koyon gyara. Na ce ya zo mu gwada, amma ni da shi mun san riƙe ɗan hantsaki da aiyon a lokaci guda yatsu yake so.

Wanda ya ce ina ɓoye ilimi, ga shi na faɗi abin da zan iya faɗa. Ranar Asabar in Allah ya kai mu za mu ci gaba da darasin wayar da ta faɗa ruwa, kashi na biyu, kuma dan Allah kafin nan a daina tura ta cikin buhun shinkafa.